Rummet ɗin da bai san nawa da naka ba, ya za ka yi da shi?

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar abokin ɗaki za mu yi, rummet inji 'yan makaranta, amma fa ba kowanne ba, wannan dai wanda duk abin da idonsa ya gani a ɗakin to na kowa ne.

Bari in fara da abin da ya same ni. Lokacin muna haya mu biyu a wani ɗaki wajen Rijiyar Zaki a Kano, ranar wata Juma'a aka kawo wuta da sassafe na yi sauri na goge farar shaddata na rataye a ƙusa bayan ƙofa na fita aski, ina dawowa ba shadda ba dalilinta. Sai bayan an sauko daga masallaci ga mutumina ya shigo yana ta zuba ƙamshi, shaddata a jikinsa, hulata a kansa, turaren ma nawa ne wanda nake ɗan ɗigawa kamar maganin ido, wai "kai mutumina kayan nan sun karɓe ni fa". Ni kuma me na ce? Dariyar yaƙe na yi na ce ai kuwa sun maka kyau. Da tsohuwar jallabiya na je masallaci ranar.

To nan ne gizo ke saƙar. Mu an raine mu da kara da kawaici da kunya, ka ga abu ka kau da kai, kuma tarbiyya ce mai kyau ba wanda ya ce a yar. Amma shi wancan ɗin wataƙila a ɗakin samari ya taso su biyar su shida, takalmi na wanda ya riga tashi ne, riga ta wanda ta yi wa daidai ce, har ga Allah bai san laifi yake ba. Kai kuma kana can kana kumbura, kana jan tsaki, kana ɗora habaici a status ɗin WhatsApp wai ko zai gane. Ba zai gane ba wallahi, ƙila ma ya turo maka "Allah ya kyauta, kai da wa?". Shirun da ka yi ranar farko shi a wajensa izini ne.

Kuma kada wani ya ce maka wai wannan ɗabi'ar Turawa ce ko girman kai. Duba Suratun Nur aya ta 27, an hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. Aya ta 58 ma ta fi kusa da maganarmu, don ita mutanen cikin gida ɗaya take wa magana, har yaran da ba su balaga ba an ce su nemi izini a lokuta 3, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya a huta, da bayan isha'i. In yaro ƙarami aka ce ya nemi izini ina ga ƙato mai gemu? Sannan Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin mutane, wanda a zamaninmu har da ɗaukar wayar mutum yana banɗaki kana bin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙananan abubuwan kowa ya san su, caja, fawa bank, sukari da madara da ke raguwa ba ka san yaushe ba, gas da kuka cika tare amma shi ke dafa wake kullum, jarkar ruwan da ka siya wajen mai ruwa ka dawo ka tarar an yi wanki da ita. A ɗakin mata kuma mayafi ne da humra da man shafawa. Waɗannan da sauƙi. Akwai wanda ba ya buƙatar wata kara ko kaɗan, reza da buroshin haƙori da tawul da soson wanka. Ciwon hanta nau'in B ana iya ɗaukarsa ta reza ko buroshin da ya taɓa jinin mai ɗauke da shi, ƙazuwa da makero kuma suna bin tawul da kayan sawa da shimfiɗa. Nan kam ka ce a'a kai tsaye ko da yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda ya fi ci min rai ni dai shi ne na baƙi da na baki. Ka dawo a gajiye daga kasuwar Kwari ko daga lakca, an sha rana an sha adaidaita, ka tarar da mutum huɗu a kan katifarka ana musun ƙwallo, ɗaya ma har ya yi matashi da filonka, ko a ce ga ɗan garinsu zai kwana biyu, kwana biyu ya koma wata biyu. Sai kuma wanda za ka yi waya da gida ko da budurwarka cikin dare, gobe ka ji labarin a majalisa har da ƙari. Caja in ta ɓata ka je kasuwar waya ta Farm Centre ka siyo wata, sirrinka in ya fita a ina za ka siyo?

To ya za a yi? Magana ce dai, ba makawa, amma akwai yadda ake yin ta. Kada ka yi lokacin da ranka ke tafasa, kada ka yi gaban baƙinsa ko gaban 'yan ɗakin kusa, don da zarar ka kunyata mutum a gaban jama'a to ya daina jin me kake cewa ya koma kare mutuncinsa. Bari sai kuna ku biyu, an ci an sha, hira ta yi daɗi. Kuma abu ɗaya za ka ɗauko, kada ka zazzage masa buhun laifin wata shida. Ka ce "mutumina don Allah wata alfarma nake nema, kayan sawata in kana so ka tambaye ni tukuna, wani lokacin na riga na shirya fita da su". Shi ke nan, ba wa'azi, ba "dama na daɗe ina lura da kai". Mace ma haka, "'yar uwa don Allah in za ki kawo baƙi ki ɗan faɗa min tun da wuri, ina da jarrabawa satin nan".

Ka shirya jin "au yaushe muka fara 'yar haka da kai?" ko a ce maka marowaci. Kada ka janye, kada kuma ka hau. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ka haɗa da abin da ka yarda a yi tarayya, gishiri, magi, omo, bokiti, dutsen guga, duk ɗauka ba sai ka tambaya ba, gas da kuɗin wuta a yi karo-karo a rubuta a waya kowa ya gani. In ya ga ba ƙofar gaba ɗaya ka rufe ba ya fi saurin saukowa. Af, kafin nan ka ɗan duba kanka kai ma, ƙila kai ne mai kunna karatu ko waƙa a sifika ƙarfe ɗayan dare.

In ka faɗa sau ɗaya sau biyu bai canza ba, daina ɓata bakinka, sayi kwaɗo ka sa wa akwati ko loka, ka sa wa waya makulli, ka canza fasuwod ɗin hotspot, ba sai ka yi sanarwa ba. In abin ya ci gaba sai a sa mutum na uku, wanda shi yake jin nauyinsa, yayansa ko wani babba a cikin abokai, a hostel akwai masu kula da ɗakunan kwana, a gidan haya akwai kiyateka ko mai gidan. In kuwa kuɗi ne suka fara ɓata ko an kai ga barazana da duka, wannan ya wuce maganar rummet, fitar da kayanka masu daraja ka kai ƙara inda ya dace.

Kuma ka tuna haya a Kano yawanci ta shekara ake biya, don haka in ka ga zaman ba mai gyaruwa ba ne fara neman wani wajen tun saura wata biyu ko uku, ka kuma duba sunan wa ke jikin rasit, don wanda sunansa ke ciki shi mai gida ya sani, kada ka je korar mutum ka tarar kai ne baƙon.

Ni dai sai da na yi wata biyu ina haɗiyar haushi kafin na iya buɗe baki. Ya yi kwana uku yana amsa min gaisuwa da ƙyar, rana ta huɗu da daddare na ji ya ce "Malam, ko zan iya ɗan sa cajarka?", yana wani jan Malam ɗin don in ji haushi. Na miƙa masa. Mun ƙarasa shekarar lafiya lau, hular dai har yau bai dawo min da ita ba.