Ta manta sunan jikanta amma ba ta manta waƙar gaɗa ba

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau maganar gigin tsufa za mu yi, ciwon nan na mantuwa da zai sa Baba ya gama cin tuwo yanzu-yanzu ya ce wallahi ba a ba shi komai ba, ko Inna ta fita nan Ƙofar Doka a Zariya ta kasa gane hanyar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, irin namu kenan.

To ga abin mamaki, tsohuwar da ba ta gane jikanta, a rera mata waƙar gaɗa ko ta daka irin ta lokacin tana budurwa, sai ka ga ta ɗago kai tana amshi har da tafi, baiti bai kuɓuce mata ba. Masu bincike a Jamus sun nuna a 2015 cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe waƙar da mutum ya daɗe da sani yana cikin wuraren da cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, ke jinkirin lalatawa, shi ya sa.

Amma fa ba kowane kiɗa ba. Kar yaro ya ɗauko waƙoƙin wayarsa ya ƙure spika a kunnen kakarsa ya ce magani yake, ƙara ruɗa ta zai yi. A tambayi ƙannenta da ƙawayenta me take so a da, kalangu ne, garaya ce, ko algaitar Hawan Daushe. Wanda tun asali ba ya jin kiɗa, ƙasida ko karatun da ya saba shi za a sa masa, a hankali, musamman wajen la'asar zuwa magariba lokacin da rikicewar ta fi tashi. In kun ga waƙar ta tayar masa da hankali ko ta tuno masa mamaci, a kashe.

Kuma kar wani ya ce an ce a rediyo waƙa na warkarwa, a'a, kwantar da hankali take ta rage faɗa da firgita. Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke kulle tsoho a ɗaki ko mu ce sammu ne. A kai shi Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika likita ya duba, don wata mantuwar ƙarancin bitamin B12 ke kawo ta, wannan kuwa tana da magani.