Sharhi: Ƙungiyoyin Agajin Kirista da Ɗaukar Nauyin Karatun 'Ya'yan Talakawa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Tun shekarar 2004 doka ta tanadi cewa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Najeriya, amma duk magidancin da ya taɓa kai yaro aji ɗaya ya san cewa kyautar nan ba ta ɗinka kayan makaranta, ba ta sayen takalmi da littattafai, ba ta biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Akwai kuma wata asarar da ba a rubuta ta a takarda, wato cinikin tallar da yarinya za ta bari, ko aikin gonar da yaro zai rasa lokacin yi. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar, a shekarar 2022 kuwa hukumar UNESCO ta ce adadin ya kai kimanin miliyan 20 idan aka haɗa da 'yan shekarun sakandare. Wannan giɓin ne ƙungiyoyin agaji ke ƙoƙarin cikewa a ƙasashe matalauta, kuma na Kirista suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen, suka kuma fi tsari wajen tara kuɗi.

Tsarin da aka fi sani shi ne na haɗa yaro guda da mai taimako guda, kuma yaƙe-yaƙen nahiyar Asiya ne suka yaɗa shi. A 1938 wani fasto Ba'amurke mai suna Calvitt Clarke ya kafa asusun tallafa wa yaran ƙasar Sin da yaƙi ya ɗaiɗaita, wanda a yau ake kira ChildFund. A 1950 Bob Pierce ya kafa World Vision, shekara biyu bayan haka Everett Swanson ya fara aikin da ya zama Compassion International, dukansu biyu kuwa sun mai da hankali ga marayun yaƙin Koriya. Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaukar hoton yaro, a rubuta sunansa da shekarunsa da ƙauyensu, a aika wa wani ma'aikaci ko wata tsohuwa mai karɓar fansho a Amurka ko Jamus, shi kuma ya amince a riƙa cire masa kimanin dala 40 duk wata. Lokaci zuwa lokaci sai a zaunar da yaron a kan benci, a ba shi takarda da fensir, ya rubuta wasiƙar godiya, ya zana gidansu da akuyarsu a ƙasan shafin, wani ma'aikaci ya fassara, a aika. Wannan takarda ita ce igiyar da ke riƙe da mai bayarwa, domin mutum ya fi saurin buɗe aljihu ga fuskar da ya sani fiye da alƙaluman miliyoyin da bai taɓa gani ba.

Shekara da shekaru ana wannan aiki ba tare da an auna amfaninsa a tsanake ba, sai a 2013 da wasu masana tattalin arziki uku, ƙarƙashin jagorancin Bruce Wydick na Jami'ar San Francisco, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a Uganda da Kenya da Indiya da Filifin da Bolibiya da Gwatamala. Sun bibiyi rayuwar mutum sama da 10,000, inda suka kwatanta waɗanda Compassion ta ɗauki nauyinsu suna yara da 'yan'uwansu da shekaru suka hana su shiga shirin. Sun gano cewa waɗanda aka tallafa wa sun ƙara shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a makaranta, sun fi kammala sakandare, sun kuma fi samun aikin albashi. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne dalilin da masanan suka karkata gare shi. Ba su jingina nasarar ga kuɗin kaɗai ba, sun nuna cewa yaran kan shafe sa'o'i da dama kowane mako a hannun manya da ke bin kadin karatunsu, suna duba lafiyarsu, suna kuma cusa musu cewa ɗan manomi ma yana iya zama malami ko ma'aikacin jinya. Ashe abin da talauci ke fara kashewa a zuciyar yaro shi ne buri, kuma babban mutum guda da ya damu da shi yana iya farfaɗo da shi.

Sai dai tsarin bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Tun 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta fito da babban take mai cewa don Allah kada a ɗauki nauyin wannan yaro, tana kafa hujja da cewa hotuna da wasiƙu da fassara suna cin kuɗin da ya kamata ya isa ga mabukata. Akwai kuma abin da duk wanda ya tashi a gidan yawa zai gane ba sai an yi masa bayani ba: a zaɓi yaro ɗaya cikin bakwai, ya dawo gida da sabuwar jaka da takalmi, 'yan ubansa suna kallo. Irin wannan kyauta kan shiga gida da alheri a hannu ɗaya, da 'yan ubanci a ɗaya hannun. Wannan na cikin dalilan da suka sa World Vision, wadda ke aiki a Nijar da Gana da Chadi, ta koma tara kuɗin masu taimako wuri guda, ana gina aji da rijiya da ɗakin shan magani ga gari baki ɗaya, yayin da yaron da ke cikin hoto ya zama wakilin ƙauyensu. A ganina wannan ya fi dacewa da zaman jama'armu, ko da yake wajibi ne a fito fili a gaya wa mai bayarwa inda kuɗinsa ke zuwa.

Karatun aji kaɗai ba ya ciyar da mutum, shi ya sa ɓangaren koyar da sana'a ya cancanci a tsaya a kansa. A nan babu sunan da ya kai na Don Bosco, limamin Katolika na birnin Turin a Italiya, wanda ya rasu a 1888. Ya tarar da yaran ƙauye da suka kwararo birni ci-rani suna kwana a titi, masu masana'antu na bautar da su, sai ya buɗe musu wuraren koyon ɗinki da dukanci tun 1853, daga baya ya ƙara da kafinta da ɗab'i da ƙira. Kafin nan ma ya riga ya fara wani abu da ya fi ba ni sha'awa, wato rubuta yarjejeniya tsakanin yaro mai koyo da ubangidansa, shi kuma ya sa hannu a matsayin shaida. Takardar kan ƙayyade tsawon lokacin koyo da ladan yaro, ta hana duka, ta hana sa shi aikin da bai shafi sana'ar ba, ta kuma ba shi ranar hutu. Duk wanda ya san yadda yaron gareji kan shekara biyu yana sayo wa maigidansa abinci da wankin mota kafin a bar shi ya riƙe sifana, ya san cewa wannan takarda ba ta tsufa ba. Mabiya Don Bosco sun iso Najeriya a 1982, suna da cibiyoyin koyar da sana'a a Ondo da Akure da yankin Onitsha, haka kuma a Sunyani da Ashaiman na ƙasar Gana.

Matsalar da ke damun irin waɗannan cibiyoyi, na Kirista ne ko na Musulmi ko na gwamnati, takan bayyana ne ranar yaye ɗalibai. An kafa rumfa, an jera kekunan ɗinki sababbi cikin leda, an yi jawabai, an ɗauki hoto. Yarinya ta ɗauki kekenta ta kai gida, ba ta da kuɗin hayar shago, ba ta da jarin zare da shafi, kuma a layinsu kaɗai akwai teloli biyar da suka riga ta samun masu kawo ɗinki. Kafin wata uku mahaifinta ya kwanta rashin lafiya, sai a ga keken a bakin kasuwa ana tayawa. Laifin ba nata ba ne, na wanda ya tsara shirin ne bai fara tambayar kasuwa abin da take nema ba, wataƙila gyaran waya ne ko haɗa wutar sola ko gyaran famfon burtsatse, bai kuma tanadi wanda zai riƙa leƙa ta a shekarar farko ba.

Misalin da ya nuna abin da ke ɗorewa yana nan kusa da mu a jihar Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa, ya tsaya a hanya domin rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Nan idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce, da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen bishiyar da aka sare, saiwarta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya koyar daga nan bai wuce a zaɓi reshe mafi ƙarfi a bari, a datse sauran ba, aikin da wuƙa ko lauje ke yi. A lokacin yunwar 1984 an haɗa koyarwar da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan, domin dama abincin suka bi. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har masu bincike suka ƙiyasta cewa dabarar ta game kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Manoman Musulmi ne kusan dukansu, kuma suna nan a Musulminsu.

Wannan ya kawo mu ga batun da ba a cika son faɗa a fili ba, wato addini. Tsoron da iyaye Musulmi ke yi wa makarantar mishan ba banza ya samo asali ba, domin a zamanin Turawa makaranta hanyar wa'azin bishara ce, kuma 'yan mishan ba su ɓoye hakan ba. Shi ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigarsu masarautun Arewa, har aikin Dakta Walter Miller ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa a 1929. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa wannan ƙaramin gari ya fitar da Dakta Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon. A yau ƙungiyoyin ba hali ɗaya gare su ba. Compassion ta bayyana cewa ta hannun majami'u take aiki, kuma koyar da addinin Kirista na cikin shirinta, wasu kuwa suna cewa imaninsu ne ke tura su aikin, amma ba sa gindaya shi sharaɗi. Kowace tana da 'yancin zaɓar hanyarta, abin da ba ta da 'yancinsa shi ne ɓoye wa uban yaro wadda ta zaɓa, domin talakan da yunwa ta koro ba ya cikin halin yin ciniki, kuma ya san cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, kuma wannan kariya ta shafi yaron Kirista a makarantar Musulmi kamar yadda ta shafi yaron Musulmi a ta mishan. Idan zargi ya yi kauri, yara ne ke kwana a ciki: a 2017 Compassion ta rufe ayyukanta a Indiya bayan gwamnati ta toshe mata hanyar shigo da kuɗi, yara kimanin 145,000 suka rasa tallafi.

A Yola an ga wata hanyar. Tun 2014 majami'ar Katolika ta Saint Theresa ta buɗe ƙofarta ga waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, sannan a 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya miƙa musu gidaje 86 a Sangere Marghi, tare da makaranta da majami'a, da kuma masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Ya sha suka daga wasu mabiyansa, amma uban da ya idar da sallar asuba a wannan masallaci ba zai yi fargabar tura ɗansa wannan makaranta ba.

Abin da nake ganin ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohi su nema daga kowace ƙungiya, ko ta wane addini ce, shi ne irin takardar nan ta Don Bosco, a rubuce da harshen da uban yaro ke ji, a karanta masa a gaban mai unguwa. A faɗi shekara nawa tallafin zai ɗauka, ko ya haɗa da kuɗin jarrabawar kammala sakandare, wane darasin addini za a koyar da kuma wanda yaro zai iya ƙin shiga, inda hotonsa zai je, da wanda zai ci gaba da biya idan mai taimakon da ke ƙasar waje ya rasu ko ya janye alhali yaron na aji biyar. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Zamfara, waɗanda su ma ke ɗaukar nauyin marayu, suna iya fara amfani da irin wannan takarda tun daga zangon karatu mai zuwa.