Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Dandalin Askari, Darussalam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. A madadin Hausawa da sauran 'yan Najeriya mazauna Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikata, muna yi maka barka da sauka, kai da hakimai da duk 'yan rakiya. Sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, da gangan muka roƙi a fara tsayawa a wannan shataletale na titin Samora kafin a wuce masauki. Wannan soja na tagulla, riƙe da bindiga mai wuƙa a baki, yana fuskantar tashar jiragen ruwa, shi mutanen gari ke kira Askari, kalmar da mu ma muke da ita a "askarawa". An ƙaddamar da shi a 1927, aikin wani Bature ne mai suna James Alexander Stevenson. Kafin shi, mutum-mutumin Bajamushe Hermann von Wissmann ne a wurin, har Ingilishi suka karɓi garin daga hannun Jamusawa a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sauke shi. Hukumar Tanzaniya na kula da wurin a matsayin kayan tarihi, muna kuma gode mata.

Ba don tagullar muka kawo Sarki ba, addininmu bai koya mana haka ba. Don mutanen da take tunatarwa ne. Bayan an gama yaƙin Kamaru a farkon 1916, sai Ingilishi suka sa aka ɗebi sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, aka zuba su a jirgin ruwa, aka zagaya da su ta kudancin Afirka. A ƙarshen shekarar suka sauka a tashar nan da Askari yake kallo. Damina ta ritsa da su a bakin kogin Rufiji, hanya ta yanke, abinci ya ƙare, yunwa da zazzaɓi suka yi musu ɓarna tun kafin harsashi. A watan Oktoba na 1917 suka gwabza da dakarun kwamandan Jamusawa von Lettow-Vorbeck a Mahiwa, kudancin ƙasar nan, mutanenmu da dama can suka kwanta.

Ga kuma 'yan dako, waɗanda aka zana a allunan da ke jikin dutsen da Askari yake tsaye a kai. Su suka ɗauki abinci da albarusai a ka, dubun-dubatarsu suka mutu a hanya. Abin da ke ci mana rai, ranka ya daɗe, duk jikin dutsen nan babu sunan mutum ɗaya daga cikinsu. Turawan da suka mutu a yaƙin nan, mafi yawansu kowa da kabarinsa da sunansa. Sai a 2021 gwamnatin Birtaniya ta fito ta nemi afuwa kan wannan bambanci.

Saboda haka ga kokenmu. Idan Allah ya mayar da Sarki gida lafiya, a umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su bincika gidajen da aka ɗauki kakanninsu zuwa wannan yaƙi, a rubuta sunayen da tsofaffi ke iya tunawa tun suna raye. Mu a nan mun ɗauki nauyin bin sawun wuraren da aka yi faɗan.

Yanzu muna roƙon Sarki ya ba Liman izini ya yi musu addu'a. Allah ya ja zamanin Sarki.