Amsoshin Tambayoyinku: Taswirar waya da hanyoyin ƙauye

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan hanya, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda damina ta kankama, motoci sun fara kwana a bakin mayo, wato rafi.

Ta farko daga wani Alhaji ce, ɗan kasuwar hatsi a Garwa, arewacin Kamaru. Ya ce ya bi taswirar wayarsa zuwa wata kasuwar ƙauye a yankin Gidar, layi ya miƙe sambal a waya, da ya isa sai ya tarar da rafi cike da ruwa, babu gada. Yana tambaya, wai su wane ne ke zana waɗannan taswirori, kuma sun taɓa taka ƙasar nan?

Alhaji, sannu da wahala. Da yawansu ba su taɓa takawa ba. Taswirar ƙasa ta hukuma aikin Cibiyar Taswira ta Ƙasa ce da ke Yawunde, amma abin da ke cikin wayarka daban ne. Yawancinsa daga hoton tauraron ɗan'adam aka kwafo shi. Mutum yana zaune gaban kwamfuta a wata ƙasa, ya ga farin zare ya ratsa daji, sai ya ja layi ya ce hanya ce. Hoton da ya fi fita tas kuwa na rani ne, lokacin da babu gajimare. A watan Maris mayo yashi ne zalla, amalanken shanu ma na tsallaka shi, don haka daga sama hanyar ba ta yanke ba. A watan Agusta wannan wurin yana iya shanye motar ɗaukar kaya.

Ni kaina na taɓa yini a irin wannan mashigi. Muna tsaye, direbanmu na ta duba waya, sai ga wani dattijo da sandarsa. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa a hankali yana dogara sandar, ya fito ya nuna mana inda jiƙa ta tsaya, daidai ƙugunsa. Ya ce idan ba a sake ruwa a kan dutse ba, bayan la'asar zai sauka zuwa gwiwa. Haka kuwa aka yi, muka wuce kafin magariba. Ruwan da ya tare mu ma ba a wurin aka yi shi ba, can kan tsaunuka ya sauka da dare. Wannan sani babu shi a waya, yana bakin direbobi da 'yan kamasho da masu babur, shi ya sa nake roƙonka, Alhaji, ka riƙa biyawa tasha ka yi tambaya kafin ka bar kwalta. Matambayi ba ya ɓata.

Abin sha'awa, Turawan farko da suka zana ƙasar nan sun fi na yanzu tambaya. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya iso mahaɗar kogunan Binuwai da Faro a 1851, kuma da yawa daga hanyoyin da ya rubuta daga bakin fatake da alhazai ya ji su, zango bayan zango, kwana kaza daga gari kaza zuwa gari kaza.

Wasiƙa ta biyu ita ta fi taɓa mini zuciya. Wata malamar asibiti ce daga wani ƙauye a Mayo Rey. Ta ce ƙauyensu ko sunansa babu a taswira, kuma ranar da naƙudar wata mata ta zo da gardama, sai da aka aika yaro da babur ya tarbo motar asibiti a mararraba, don direban bai san hanya ba. Tana tambaya wa ke da alhakin hanyarsu, kuma ta yaya za su shiga taswira.

Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki. Tun 2017 dokar Kamaru ta raba hanyoyi kashi-kashi: akwai na ƙasa, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. Irin taku tana cikin kashi na ƙarshe, wato ofishin magajin gari ne ke da nauyinta. A nan fa gizo ke saƙa. Ana ware kuɗin gyara ne bisa jerin hanyoyin da aka rubuta da suna da tsawon kilomita. Hanyar da ba ta cikin jerin, ko shekara nawa mutane suka yi suna binta, katafila ba za ta zo mata ba. A yankin auduga an ɗan sami sauƙi, don kamfanin Sodecoton yana gyara hanyoyin da motocinsa ke bi su kwaso auduga, amma inda babu kasuwar auduga sai dai gayya da fartanya.

Batun shiga taswira kuwa, ba sai kun jira kowa ba. Akwai wata taswira mai suna OpenStreetMap da aka fara a 2004, wadda kowa ke da damar ƙara mata bayani kyauta. A 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da Red Cross da wasu abokan aikinsu suka kafa shirin Missing Maps saboda garuruwa irin naku. Ki sami yaro mai hankali da ke da babbar waya. Ya saka manhaja irin OsmAnd, ya kunna GPS, wato abin da ke nuna inda waya take, wanda ba ya buƙatar intanet, ya hau babur daga ƙofar asibitinku har kwalta, wayar za ta riƙa zana sawunsa. Ya tsaya a kowane mashigi da kwalbati da rijiya da makaranta ya sa alama, ya rubuta ko hanyar burji ce ko yashi, ya kuma rubuta watannin da take yankewa. Sunan ƙauye a rubuta shi yadda masu garin ke faɗa, domin sau da yawa suna ɗaya ne a bakin Bafulatani, wani a bakin Bahaushe, wani kuma a takardar Faransanci. Idan ya shiga gari mai intanet sai ya ɗora. Sannan ku buga shi a takarda, ku je da maigari ku miƙa wa magajin gari kafin zaman kasafin kuɗi. Ba na yi miki alkawarin gobe za a zuba marmara ba, amma direban motar asibiti zai iya zuwa ƙofarki da tsakar dare.

Wani saurayi daga Marwa ya ce yana son zaga hanyoyin daji da babur, ina zai fara? Ƙanena, ka jira sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, daga nan ka gangara Rumsiki ka ga duwatsun nan masu tsini. Amma ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Kolofata da Amcide ba wurin yawo ba ne, an sha binne nakiya a kan hanyoyinsu. Ka tambayi jandarma, ka gai da maigari duk inda ka sauka, ka riƙe ruwa da mai da kayan faci, kada rana ta faɗi kana daji. Ƙasar yankin kogin Logon kuma, inda ake shuka masakwa, baƙar laka ce: da rani ta tsattsage kamar bayan kada, da ruwa ya taɓa ta sai ta kama taya ta ƙi saki.

Sai tambaya ta ƙarshe, daga wani direban tirela: kilomita nawa ne daga Ngaundere zuwa Kusiri, kuma me ya sa tafiyar ke cin kwanaki? Kusan 750 ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, ta Garwa da Marwa da Mora. Layin dogo a Ngaundere ya tsaya tun 1974, don haka kayan Chadi masu yawa daga nan suke hawa mota, nauyinsu kuma kwalta ke sha. Yankin Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, kimanin kilomita 205, aikinsa ya tsaya cak bayan da 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan China 10 a Waza a watan Mayun 2014, daga baya aka miƙa shi ga injiniyoyin soja. Idan kayanka na kudancin Chadi ne, ɗan'uwa, akwai hanyar Tuboro zuwa Mundu, akwai kuma sabuwar gadar Yagwa da Bongor mai tsawon mita 620 a kan Logon, inda a da sai an jira jirgin fito.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙar makiyayin da ya yi tambaya a kan burtalin da gonaki suka cinye tana hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.