Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Coltrane da Hartman na 1963

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Tun makon jiya da muka rufe shiri da wata waƙa mai sanyi daga Amurka, saƙonni ke ta shigowa a kanta. Yau ba za mu taɓa wani batu ba sai ita.

Wasiƙar farko daga Damagaram ta fito. Mai ita ya ce: "Malam, ina shago ina ɗinki kuka sa waƙar nan, sai da na tsayar da keke har ta ƙare. Wane ne mai busar, wane ne kuma mai wannan murya mai kauri?"

To ɗan'uwa, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Mai busar shi ne John Coltrane, abin da yake busawa kuma saksofon ake kiransa, wannan lanƙwasasshen bututu na tagulla mai maɓallai da yawa. Mai waƙar kuwa Johnny Hartman ne. Dukansu baƙaƙen fatar Amurka ne. Faifan ba a wahala aka yi masa suna ba, sunayensu kawai aka haɗa: John Coltrane and Johnny Hartman. An ɗauke shi ranar 7 ga Maris, 1963, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar Niyu Jasi, kamfanin Impulse! kuma ya fitar da shi a wannan shekarar. Waƙoƙi shida ne kacal, duka-duka minti talatin da ɗoriya. Bayan su biyun akwai mutum uku na ƙungiyar Coltrane: McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison riƙe da babban gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, sai Elvin Jones a kan ganguna.

Wasiƙa ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a kanta za mu daɗe. Wani dattijo ne daga Kaduna, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya ce yana da tarin tsofaffin faya-faye na garmaho. Ga abin da ya rubuto: "Ni da abokina mun yi shekaru muna gardama. Shi yana cewa wannan ba Coltrane na gaskiya ba ne, kamfani ne ya tilasta masa ya yi waƙoƙin soyayya don neman kasuwa. Ni kuma ina ganin babu faifansa da ya kai wannan. Ka raba mu."

Baba, ranka ya daɗe, abokin naka ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. Bari mu koma baya kaɗan. Coltrane ya yi suna ne da busa mai sauri da yawan sauti, har wani marubuci, Ira Gitler, ya kwatanta ta a 1958 da labulen sauti da ke zubowa ba tsayawa. Zuwa 1961 ya ƙara nisa. Shi da abokinsa Eric Dolphy suna iya shafe minti goma sha biyar ko fiye a kan waƙa guda, suna kai saksofon inda kunnen mutane bai saba ba. A ƙarshen wannan shekarar wani mai sharhi a mujallar DownBeat, John Tynan, ya kira abin da suke yi kishiyar jaz, jaz kuwa shi ne salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da Coltrane ya yi suna a kansa. Maganar ta yi zafi ƙwarai. To a bayan wannan ne Bob Thiele, furodusansa a Impulse!, ya kawo shawarar a yi faya-faye masu laushi, aka kuwa yi guda uku a jere: ɗaya tare da shahararren mai fiyano kuma jagoran makaɗa Duke Ellington a watan Satumbar 1962, ɗaya mai suna Ballads, sai wannan na Hartman. Don haka batun kasuwa da batun kwantar da hankalin masu suka, akwai su a ciki.

Akwai ma wani dalilin da Coltrane ya faɗa da bakinsa a wata hira da marubuci Frank Kofsky a 1966. Ya ce a wancan lokacin ya sa an yi wa bakin saksofon ɗinsa gyara, gyaran ya lalata shi, busa mai sauri ta daina fita yadda yake so.

Amma Baba, inda na rabu da abokinka shi ne kalmar tilas. Wanda aka tilasta wa aiki, ana ji a aikinsa: yana yi yana duba ƙofa. Ka sake ɗora faifan nan ka saurara, ko za ka ji alamar gaggawa a wuri guda. Sannan Coltrane ne da kansa ya zaɓi Hartman, mutumin da a lokacin ba shi da wani babban suna a kasuwa. Wanda ke neman kuɗi zalla, ai tauraro zai nema. A ƙarshen shekarun 1940 kowannensu ya yi zama a babbar ƙungiyar shahararren mai busa Dizzy Gillespie. Hartman ma da farko ja da baya ya yi, don bai ɗauki kansa mawaƙin jaz ba, kuma yana ganin busar Coltrane ba za ta zauna da muryarsa ba. Sai da ya je gidan kiɗa na Birdland a Niyu Yok ya saurare shi, suka gwada 'yan waƙoƙi bayan an tashi, sannan ya amince.

Abin da ke taɓa ni a faifan nan shi ne yadda gwani ya iya ja da baya. Mutum ne da zai iya cika kowane gurbi da sauti ɗari, amma a nan sai ya tsaya a bayan mai waƙa, yana jira ya ja numfashi sannan ya sa masa 'yar amsa, gajeriya, ya koma ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai goge na ƙwarai ya san wannan. Idan mawaƙi na magana, gogen sauka yake yi, idan ya ajiye baiti sai gogen ya ɗauka ya ƙarasa masa abin da baki bai faɗa ba. Haka ma Elvin Jones, makaɗin da aka sani da tayar da ƙura a kan ganguna, a nan sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi yana shafa fata a hankali. Wannan ba rauni ba ne. Riƙe ƙarfi ya fi sakinsa wuya, kuma ba kowa ke iyawa ba.

Ka kuma tuna wa abokinka abin da ya biyo baya. A watan Nuwambar wannan shekara ta 1963 Coltrane ya ɗauki kiɗan da ya kira Alabama, bayan bam ɗin da aka tayar a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama ranar 15 ga Satumba ya kashe 'yan mata huɗu. A watan Disambar 1964 ya ɗauki faifan A Love Supreme. Natsuwar da ke cikin waɗannan biyun, da yadda saksofon ke fita kamar mutum na magana, ni a kunnena dangin abin da ya yi da Hartman ne. Sai dai Baba, kai ma ba zan ba ka gaskiya duka ba. Cewa babu faifansa da ya kai wannan, maganar ta yi faɗi. Wanda bai ji faifansa Giant Steps ko A Love Supreme ba, rabin mutumin ya sani. Abin da zan tsaya a kai shi ne, wannan Coltrane ne na gaskiya, ɗari bisa ɗari, kuma ba na jin akwai wani faifan busa da murya da ya fi shi.

Ta uku daga wata baiwar Allah ce a Zangon Kumasi. Ta ce: "Turancina bai kai in gane waƙar Lush Life ba, amma tana sa ni baƙin ciki. Me take cewa?"

Hajiya, kunnenki bai yaudare ki ba. Waƙar, ɗaya daga cikin shidan da ke faifan, labarin mutum ce wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gidajen shaye-shaye, ya samu wadda ya zaci za ta fitar da shi, soyayyar ta watse, ya yanke ƙauna ya koma cikin masu kaɗaici irinsa. Ba yabon wannan rayuwa take yi ba, kukanta take yi. Abin mamaki, Billy Strayhorn, wanda daga baya ya zama na hannun daman Duke Ellington, yana saurayi ɗan ƙasa da shekara ashirin ya fara rubuta ta a Pittsburgh cikin shekarun 1930. Waƙa ce mai wuyar rerawa, karinta na hawa yana sauka ta inda ba a zata ba, mawaƙa da yawa na tsoronta. Hartman bai yi mata kuka ba, bai ɗaga murya ba. Faɗin ta yake yi kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya wuce, kowace kalma a fili, shi ya sa ta fi ciwo. Ki lura Coltrane bai fito gaba ba sai can wajen ƙarshe, bayan an gama labarin.

Ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko sun sake yin wani faifan tare. A'a ƙanena, wannan ne kaɗai. Coltrane ya rasu ranar 17 ga Yuli, 1967, yana da shekara 40, ciwon dajin hanta ne ya yi ajalinsa. Hartman ya ci gaba da waƙa, ya yi wasu faya-fayen a Impulse!, amma bai samu ɗaukakar da ta dace da muryarsa ba har ya rasu a 1983 yana da shekara 60. Sai a 1995, da Clint Eastwood ya sa waƙoƙinsa a fim ɗin The Bridges of Madison County, jama'a da yawa suka fara tambayar wane ne wannan. Wannan abu na damuna har yau, don bai ga ranar ba.

Yanzu za mu sa muku My One and Only Love daga cikin faifan. Coltrane ne zai fara shi kaɗai, ya bi karin waƙar a hankali har kusan minti biyu, sai ka ɗauka babu mai waƙa a ciki. Telan Damagaram, ka tsayar da keke, ka jira daidai inda muryar Hartman za ta shigo.