Lacca: Yadda Ake Son Kai Maganin Kemo Har Cikin Ƙashi

Assalamu alaikum, jama'a, sannunku da zuwa.

Sankarar ƙashi da ake kira ostiyosakoma ta fi kama yara da matasa, galibi a kusa da gwiwa. A da, in aka yanke ƙafa kawai, kusan kashi 20 cikin 100 ne ke rayuwa, domin cutar kan riga ta lallaɓa zuwa huhu. Da aka haɗa tiyata da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, a shekarun 1970 da 1980, adadin ya haura kashi 60. Daga nan fa abin ya tsaya cak. Magunguna ukun da aka dogara da su tun wancan lokaci, metotireksat da doksorubisin da sisfilatin, su ne dai har yau.

Ba ƙarfi suka rasa ba, ku fahimce ni. Ido ne ba su da shi: ba sa bambanta sankara da lafiyayyen jiki. Doksorubisin yana raunana zuciya, shi ya sa likita ke lissafa iyakar abin da mutum zai karɓa tsawon rayuwarsa. Sisfilatin yana taɓa ƙoda, yana kuma rage ji. Yaro ya warke, amma ya tashi da kurumta. Wannan ne ke damu na.

To me masu bincike suka yi? Suka ce a zuba maganin cikin 'yar jaka ta kitse, faɗinta kusan nanomita 100. Silin gashi guda ya ninka ta sau ɗaruruwa. A 1986, wasu masu bincike biyu a Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo, don haka irin waɗannan ƙwayoyi kan zurara ta ɓulin su taru a can. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wato doksorubisin cikin irin wannan jaka, kuma ya fi sauƙi ga zuciya.

Ƙashi kuwa yana da tasa dabarar. Akwai magungunan da ake bai wa masu zaizayewar ƙashi, kamar alenduronat, waɗanda ke manne wa ma'adinin ƙashi kamar kaska. Sai a liƙa su a bayan jakar, su zama 'yan jagora.

Wata 'yar'uwa can baya tana tambaya, an fara ba marasa lafiya? Malama, mafi yawan aikin yana kan ɓeraye tukuna. Wani nazari na 2016 ya gano cewa, a gwajin dabbobi, kusan kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka yi allura ne ke isa ga ƙarin. Hanta da saifa ke tsince mai yawa daga ciki. Wanda ya kai ga asibiti don wannan sankarar ƙashi shi ne mifamutayid, shi ma cikin jakar kitse, da Turai ta amince da shi a 2009, kuma shi garkuwar jiki yake zaburarwa, ana ba da shi tare da kemo bayan tiyata.

Akwai mai wata tambayar?