Ɗigon ƙofar gida bai wadatar ba

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena mata, da ku magidanta da kuka tsaya can baya, don Allah ku matso, rabin maganar nan taku ce.

Sau da yawa idan ka tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi, sai ta ce ai an yi, masu shiga gida-gida sun ɗiga masa, har sun shafa masa tawada a ɗan yatsa. Wannan ɗigon na shan inna ne kaɗai. Ya yi amfani ƙwarai, shi ya kai mu watan Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali. Amma ba ya tare ƙyanda, ba ya tare mashaƙo.

Kun dai ga abin da mashaƙo ya yi daga ƙarshen 2022, kuma Kano ce ta fi jin jiki. Yaro zai fara da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, wata fata mai ruwan toka ta rufe masa hanyar numfashi, dafin kuma ya sauka har zuciya. Akasarin yaran da suka kamu ba su kammala allurarsu ba, alhali tana nan kyauta a asibitin unguwa.

Da an haihu, ba sai an jira suna ba, akwai ta tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a dantse, da ta ciwon hanta, da ɗigon farko. Sai sati 6, wato da an gama arba'in da kwana biyu. A nan ake fara Penta a cinya, allura ɗaya mai tare cuta biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. A koma sati 10, a koma sati 14. Sai an yi ukun nan kariyar ke kama jiki sosai.

To, a nan ake tsinkewa. An yi ta farko, cinya ta ɗan kumbura, yaro ya kwana da zazzaɓi yana kuka, da safe kaka ta ce kada a sake kai mata jika. Hajiya, na san tausayi ne. Amma zazzaɓin nan kwana ɗaya ne ko biyu. A ci gaba da ba shi nono, in ya zarce haka a mayar da shi asibiti a duba.

Daga nan sai wata 9 don ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai wata 15 ƙyanda ta biyu. Tazarar da tsawo, mantuwa na shiga. Maigida, katin rigakafin yaron nan ka riƙa buɗe shi da kanka. Mata da yawa sun san ranar, izini da kuɗin mota ne babu.

Masu tsoro kuma, ban raina tsoronku ba. Gwajin maganin kamfanin Pfizer a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya bar ciwo a zukata. Amma wancan sabon magani ne aka gwada a kan marasa lafiya, waɗannan kuwa allurai ne da ake yi wa yara a faɗin duniya shekara da shekaru.

Wadda katinta ya ɓata, ko yaronta ya tsallake wata allura, ta kai shi hakanan. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Mai tambaya ya ɗaga hannu.